Rigar Jarumta Ba Ta Wanke Jini

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya karrama ɗan Adam, Ya sanya wa ransa alfarma. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Ya 'yan'uwana matasa, yau ba darasin fiƙihu na zo muku da shi ba kamar yadda muka saba. Wani al'amari ne ya auku tsakanina da wani ɗalibina, wanda ya tono mini wani laifi nawa da na daɗe ina binnewa. Na yi ta jinkirin rubuta shi saboda kunya, daga baya na ga cewa kunyar duniya ta fi sauƙi, musamman idan akwai wanda zai amfana.

Mafarin zance

Doka ce a makarantar Islamiyyar da nake koyarwa, a wani gari cikin ƙaramar hukumar Bagudo, cewa duk wanda aka kama da waya ana cikin karatu za a karɓe ta sai washegari. Wata ranar Asabar bayan la'asar, muna cikin darasin Arba'una Hadisi, sai na lura da wasu samari huɗu a sahun baya sun haɗa kai wuri guda, kafaɗunsu suna rawa saboda dariyar da suke dannewa. Na miƙa hannu, mai wayar ya ba ni ita fuskarsa a sunkuye. Da dare, bayan na yi shafa'i da wutiri, na ɗauko wayar na tarar da fim ɗin a buɗe daidai inda suka tsaya, sai na ce bari in ga abin da ya fi hadisi daɗi a wurin yaran nan.

Fim ne na Amurka mai suna Kick-Ass 2, wanda ya fito a 2013, ci gaban wani da ya fito a 2010. Labarin wani saurayi ne ɗan makaranta, ba soja ba ne, ba ɗan sanda ba ne, ba shi da wani ƙarfi na musamman, sai dai ya sayi wata koriyar riga mai rufe fuska ta intanet, ya ɗauki sanduna biyu ya shiga gari da dare wai yana yaƙar miyagu. A wannan kashi na biyu wasu mutanen gari sun yi koyi da shi, kowa ya ɗinka tasa rigar, ya laƙaba wa kansa suna, suka kafa ƙungiyar sintiri. An shirya fim ɗin ta yadda karyewar ƙashi da fallatsar jini za su zama abin dariya. Na riƙa tsallake wuraren batsa, waɗanda suke da yawa, kuma ba na shawartar kowa ya neme shi. To amma zan faɗi gaskiya domin Allah: ni ma na yi dariya sau biyu ko uku, har mai ɗakina ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Astagfirullah.

Wani abin lura game da fim ɗin shi ne, ɗaya daga cikin manyan taurarinsa, Jim Carrey, wanda ya fito a matsayin shugaban ƙungiyar, ya janye daga tallata shi a watan Yunin 2013, tun kafin a fara nuna shi. Dalilinsa kuwa shi ne kisan da wani ɗan bindiga ya yi a makarantar firamare ta Sandy Hook a watan Disambar 2012, inda ya hallaka ƙananan yara 20 da ma'aikata 6. Mutumin ya bayyana cewa bayan wannan abu zuciyarsa ba za ta iya goyon bayan irin wannan zubar da jini ba. Wato dai wanda aka biya maƙudan kuɗi don ya mayar da jini abin dariya, da ya ga jini na gaskiya sai dariyar ta maƙale masa. Mu kuwa a nan, jini na gaskiya ba sai an ba mu labarinsa ba.

Hujjar ɗalibi

Washegari da na mayar wa yaron wayarsa, na yi masa 'yar nasiha a kan ɓata lokaci, ina tsammanin shi ke nan. Sai ya durƙusa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, akwai maganar da nake son yi. Ni fa na yanke shawara zan shiga 'yan banga." Shekarunsa 18, yana cikin masu ƙoƙari a ajin, kuma shi ne babba namiji a gidansu. Na tambaye shi ko fim ɗin ne ya ɗebe shi, sai ya ce a'a, fim dai ya ƙara masa ƙaimi ne, amma hujjarsa daga wurina ya same ta. Ya karanto mini hadisi na 34 cikin Arba'una, wanda ya yi umarni da gusar da abin ƙi, ya kuma sanya gusarwa da hannu a matakin farko. Ya ƙara da hadisin da ya ba da matsayin shahada ga wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa. Bai yi kuskuren ko wasali ɗaya ba. Ni na koya masa su.

Kada wanda ke zaune a birni ya yi saurin cewa yarinta ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙasar Bagudo tana kan iyaka ne, kogin Kwara ya ratsa ta, daga Tsamiya mutum zai faɗa Segbana ta Jamhuriyar Benin, haka ma ta wajen Illo da Lolo gonaki da dangi da kasuwanni duk a cuɗe suke da na tsallake. Hanyar da ɗan kasuwa ke bi da hatsinsa, ita mugu ke bi da bindigarsa, kuma akwai ƙauyukan da kafin labari ya kai ofishin 'yan sanda mai aukuwa ta riga ta auku. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba ta masarautar Zuru, suka kashe fiye da mutum 60 a rana guda. A watan Nuwamban 2024 mutanen garin Mera na ƙaramar hukumar Augie suka bi sawun Lakurawa da suka kore musu shanu, aka kashe aƙalla mutum 15 daga cikinsu. A tsallake kuma, cikin jihar Alibori da muke maƙwabtaka da ita, an kashe sojojin Benin 54 a watan Afrilun 2025. Waɗanda suka mutu a Sakaba da Mera manoma ne da magidanta, da bindigar toka da adda suka fita, kuma ina roƙon Allah Ya karɓi shahadarsu. Ni kaina duk wata ina biyan kuɗin sintiri na unguwarmu, kuma idan na ji usur ɗinsu cikin dare nakan gyara kwanciya in yi barci. Don haka ba zan zauna a inuwar mutane ina zaginsu ba.

Na fara yi wa yaron bayanin cewa hadisan nan suna da sharuɗɗa, cewa gusar da ɓarna da hannu ba ya halatta idan zai haifar da ɓarnar da ta fi ta, cewa akwai abin da yake hakkin hukuma ne kaɗai. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce cikin ladabi, ba tare da ya ɗaga kai ba, "To Malam, ranar da aka kama baƙon nan mai igiya, ai kana wurin. Ni na riƙe musu tocila. Da na ga ka juya ka koma gida, sai na ɗauka abin da ake yi daidai ne."

Daren mai igiya

Shekara biyu ke nan da aukuwar abin, da kaka, lokacin da satar dabbobi ta addabi garinmu. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ihu ya tashe ni. Da na fita na tarar da 'yan sintiri da samarin unguwa sun kewaye wani saurayi, an ɗaure hannuwansa ta baya, ana dukansa da gora da dorina. An same shi ne a raɓe jikin wani garke, da igiya a hannunsa da kuɗi a aljihunsa, kuma babu wanda ya san shi. Ba ya jin Hausa sai kalma ɗaɗɗaya. Yana ta magana da wani yare yana haɗawa da Faransanci, mutane na ta kwaikwayonsa suna dariya. Abu ɗaya kowa ya fahimta daga bakinsa, shi ne kalmar shahada, wadda yake maimaitawa duk lokacin da gora ta sauka.

Na matsa na ce, "Bayin Allah, a yi a hankali, a bari gari ya waye." Muryata ko ni ban ji ta sosai ba. Wani daga cikinsu, wanda ya girme ni, ya ce, "Malam, koma ciki ka kwanta, wannan ba aikin malamai ba ne." Sai kuwa na koma. Na ce wa kaina ai na yi magana, ai na ƙi abin a zuciyata. Gaskiyar magana ita ce tsoro na ji, tsoron kada a ce malamin Islamiyya yana kare ɓarayi, kada iyaye su janye 'ya'yansu, kada gobe a ce da ni ake haɗa baki.

Da gari ya waye aka kai shi ƙofar mai unguwa, aka samu wani tsoho mai tuƙa kwalekwale da ke jin Dendanci ya yi tafinta. Ashe daga tsallake ya zo, rago ya kawo kasuwa ya sayar domin mahaifiyarsa na kwance, dare ya yi masa bai samu abin hawa ba, ya nemi wurin da zai fake daga sanyi. Igiyar ta ragon ce, kuɗin kuma na ragon ne. Aka kira dillalin da ya sayar masa, ya shaida. Sai aka shiga ba shi haƙuri, aka mayar masa da kuɗinsa, aka kai shi wurin mai ɗori domin hannunsa na dama ya karye, idonsa ɗaya kuma ya rufe. Bayan kwana biyu danginsa suka zo suka tafi da shi a kan babur. Ban san sunansa ba. Ban nemi gafararsa ba. Kuma ban taɓa sanin cewa a cikin duhun nan akwai ɗalibina yana kallon abin da malaminsa zai yi ba.

Tsakanin kariya da hukunci

Ya 'yan'uwa, a nan ne shari'a ta ja layin da fim ɗin nan ya goge, wanda mu ma muke gogewa. Malaman fiƙihu sun yi babi a kan tunkuɗe mai kawo hari, kuma sun halatta shi, wani lokaci ma sun wajabta shi. Amma sun ce ana tunkuɗewa ne da mafi sauƙin abin da zai wadatar, idan tsawa ta isa ba a kai ga sanda, idan sanda ta isa ba a kai ga makami. Da zarar mutum ya gudu, ko ya miƙa wuya, ko an ɗaure shi, to babin kariya ya rufe, an shiga babin hukunci. Hukunci kuwa yana bukatar alƙali da shaidu da jin ta bakin wanda ake tuhuma, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa ana kawar da haddi saboda shubuha. Wanda aka ɗaure hannuwansa ta baya, wane hari yake kawowa?

Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurat aya ta 6 da mu tantance labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. A Suratul Ma'ida aya ta 32 Ya daidaita kashe rai guda ba bisa hakki ba da kashe mutane baki ɗaya. Ku tuna da Usama ɗan Zaidu, Allah Ya yarda da shi, masoyin Manzon Allah (SAW) kuma ɗan masoyinsa. A fagen yaƙi na gaskiya ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada bayan ya ga makami a kansa, yana ganin tsoro ne ya sa ya faɗe ta. Annabi (SAW) ya yi ta maimaita masa zargi, yana tambayarsa ko ya tsaga zuciyar mutumin ya duba, har Usama ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Idan an yi wa Usama haka a kan wanda ya fito yaƙi, me za mu ce mu da muka yi dariya ga mai igiyar rago? Ƙasarmu ta Bagudo tana ƙarƙashin masarautar Gwandu ne, gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mutumin da ya riƙe takobi a jihadi amma ya zauna a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkam domin koya wa masu mulki yadda ake shari'a da adalci. Magabatanmu sun san cewa takobin da babu ilimi a bayansa, mai shi yake fara yanka.

Tarihin kwanan nan ma ya ishe mu wa'azi. A Zamfara, kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni da hanyoyi ba tare da bincike ba yana cikin abubuwan da suka hura wutar ramuwar gayya, wadda ta cinye ƙauyukan da babu ruwansu. Su kansu Lakurawa, tun kafin 2020 wasu al'ummomin Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato suka karɓe su a matsayin masu kare su daga ɓarayin shanu, daga baya masu kariyar suka koma masu karɓar haraji da bulala da kisa. A watan Maris na 2025 kuma, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan sintiri suka tare wata mota ɗauke da mafarauta 'yan Arewa da ke komawa Kano hutun Sallah, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Duk mun yi kuka, mun yi Allah wadai, kuma ya cancanta. Amma ni da na ji labarin, mai igiya na tuna. A Uromi 'yan'uwanmu ne baƙin da ba a jin yarensu.

Wannan ne ya sa wasu gwamnatoci suka fara ƙoƙarin shigar da aikin ƙarƙashin doka, kamar rundunar tsaron al'umma da Katsina ta ƙaddamar a watan Oktoban 2023 da Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024. Ko ba komai, wanda yake da rajista da shugaba da wurin da za a kai ƙararsa ya fi wanda ya rufe fuska kusa da tsoron Allah. Domin amfanin rufe fuska a fim ɗin nan, da laƙabin da kowa ya ba kansa, shi ne a yi aiki ba a san mai shi ba. Irin wannan rufin ne taron jama'a da duhun dare suke yi mana, kowa ya kai duka ɗaya ya ce ba shi ya karya hannun ba. A ranar hisabi kuwa babu taro, kowa shi kaɗai zai zo, kuma ya tabbata a hadisi cewa jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane.

Abin mamaki, fim ɗin da kansa bai iya ɓoye wannan gaskiya ba duk da barkwancinsa. Mugun da ke cikin kashi na biyu ɗa ne ga mutumin da jarumin ya kashe a kashi na farko, fansar ubansa ya fito ɗauka. Kuma wanda ya biya bashin shi ne mahaifin jarumin, dattijon da bai taɓa sa rigar ba, wanda ya ce wa 'yan sanda shi ne mai laifin don ya kare ɗansa, aka kulle shi, aka bi shi har kurkuku aka kashe shi. Na tambayi ɗalibin nawa ko ya lura da wannan wurin, ya ce sun tsallake shi saboda babu faɗa a ciki.

Abin da muka tsayar

Ban hana shi ba, domin ba ni da ikon hanawa, kuma gari yana bukatar masu tsaron dare. Abin da na fara yi shi ne na ce masa, "Abin da ka gani na yi a daren nan kuskure ne. Tsoro na ji, kada ka yi koyi da ni a cikinsa." Ban taɓa faɗa wa ɗalibi magana mai nauyin wannan ba. Sannan na ba shi labarin Hilful Fudul, ƙawancen da wasu mutanen Makka suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'an kafin annabci, wanda Manzon Allah (SAW) ya halarta yana saurayi, ya kuma yabe shi bayan zuwan Musulunci. Na ce ya lura da dalilin kafa shi: wani baƙo ne ɗan kasuwa daga Yaman, wani babban mutumin gari, Al-As ɗan Wa'il, ya danne masa kuɗin kayansa, sai 'yan gari suka tashi suka ƙwato wa baƙo hakkinsa daga hannun nasu. Wannan ita ce ƙungiyar sa-kai da Annabi ya yaba. Tare wa ɗan gari faɗa kowa ma zai iya.

Muka tafi tare wurin mahaifinsa. Dattijon ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Malam, in dai zai riƙa dawowa da asuba hannunsa babu hakkin kowa, na yarda. In kuwa ba haka ba, gara a kore mini shanun duka." Muka yi yarjejeniya cewa ba zai bar karatu ba, ba zai ɗaura laya ko ya sha wani abu don tauri ko ƙarfin zuciya ba, ba zai ɗaga hannu ga wanda aka riga aka kama ba, kuma duk wanda aka kama sai an nemi mai jin yarensa, a kai shi wurin mai unguwa ko 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. Na kuma je wurin kwamandan 'yan sintirin, gabana na faɗuwa, na roƙi ya ba ni rabin sa'a duk daren Juma'a kafin su fita, mu karanta hukuncin jini da dukiya da mutunci. Na zaci zai ce ba aikin malamai ba ne. Sai ya ce, "Ai da ma ku muke jira, Malam. Tun ranar yaron nan ban ƙara samun barci mai daɗi ba." Wasu suna zuwa, wasu ba sa zuwa.

Ku da kuke karanta wannan, da yawanku kuna da irin wannan fim a wayoyinku, wasunku kuma kuna tura hotunan waɗanda aka kama ana duka, kuna sa alamar dariya a ƙasa. Ina roƙonku kafin ku tura, ku tambayi kanku wa ya yi tafinta, wa ya yi shaida. Ni dai har yau duk ranar kasuwa nakan zaga wurin masu raguna ina duba fuskokin mutanen tsallake, ko Allah zai haɗa ni da mai ido ɗaya a rufe. Na koyi yadda ake cewa "ka yafe mini" da Dendanci wurin tsohon nan mai kwalekwale, ina riƙe da ita.

Allah Ya kare garuruwanmu daga sharrin masu sharri, Ya kare hannayenmu daga jinin bayinSa, Ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar tsaro, Ya yafe mana abin da muka yi da abin da muka yi shiru a kansa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma daga gare ni ne da Shaiɗan. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗan'uwanku a Musulunci, daga Bagudo.